Kalmar da Ta Mayar da Kawu Ƙofar Baya

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai yi boko ba. Turancin da ke bakinsa bai cika kalma goma ba, kuma in ka cire gaisuwar safe, kusan duk sauran na kama mutum ne. Ni na koya masa su a tsakar gidansa, shi yana huci ni ina juya ƙamus.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a babbar ƙofar wani asibiti. Kafin nan dako yake yi a wurin yankan katako, har ranar da zarto ya ɗauke masa rabin ɗan yatsa aka kawo shi ɗinki. Yana zuwa wankin ciwo ya lura ƙofar ƙarfen ta fi ƙarfin tsohon da ke gadinta, sai ya riƙa tashi daga benci yana tura masa da hannu ɗaya. Ciwo ya warke, Kawu bai koma katako ba. Ma'aikata suka sa masa suna Baba Ƙofa tun bai kai a ce masa baba ba.

Ɗakinsa na gadi bai fi taku uku ba ko ta ina. Benci ɗaya, tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, ƙusoshi a bango da makullai a rataye, sai wayar cikin gida mai igiya wadda sai ka busa mata iska kafin ta yarda a ji muryarka. Daga tagar nan yake karanta mutane. Ya san tafiyar mai zuwa dubiya, ya san ta wanda ya kawo mai naƙuda, ya kuma san ta wanda aka kira a waya aka ce masa ya zo ba a faɗa masa dalili ba. Irin wannan ba ya tambayarsa kati. Buɗe masa yake yi kawai.

Wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da ƙofa ta fi cika, ya hango wani tsoho cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya, takalmi ƙafa ɗaya, allurar ƙarin ruwa manne da filasta a bayan hannunsa. Tafiya yake kai tsaye kamar mai sauri.

"Baba, ina zuwa?" in ji Kawu.

"Zan ɗauko yara daga makaranta," in ji tsohon, bai ko waiga ba.

Mutumin da ya haura tamanin. Kawu ya sake kiransa, ya ga ya wuce ƙofa. Gaban asibitin babban titi ne mai gangara, manyan motoci ba sa rage gudu a wurin. Tsohon ya riga ya sa ƙafa a kan kwalta, ga tankar mai tana saukowa tana ta oda. Kawu ya bar ƙofa a buɗe, ya ruga, ya riƙe damatsan tsohon biyu ta baya, ya fizgo shi. Iskar motar sai da ta ɗaga musu riguna.

Tsohon ya fasa ihu. "Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!" Ya gantsara wa Kawu cizo a hannu. Masu sayar da ruwa da masu babur suka fara taruwa, wasu har sun ɗaga waya. Kawu ya ɗauke shi cak, ya kai shi ɗakin gadi, ya zaunar da shi a benci, ya tura ƙofa, ya tsaya a bakinta. Ya buga waya ɗakin maza, ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa, aka ce ana zuwa. Ya buga na uku, aka ce ai an ce ana zuwa. Minti arba'in aka yi kafin nas biyu su iso da keken marasa lafiya. A tsakanin nan tsohon ya huce, ya sha ruwa a kofin Kawu, ya lissafa masa sunayen 'ya'yansa biyar, yana ta tambaya ko an kaɗa ƙararrawar tashi.

Da yamma babban ɗan tsohon ya zo, mutum mai kwat da jaka, wanda aikinsa ke wata ƙasa ya zo ganin gida. Ya ɗaga hannun rigar mahaifinsa ya ga shatin yatsu baƙi ƙirin a damatsa biyu. Fatar tsufa ce, ga maganin tsinka jini da ake ba shi. Bai yi hayaniya ba. Ya zauna a mota ya rubuta takardar ƙorafi shafi biyu da Turanci.

Washegari Sakataren asibiti ya kira Kawu ofis.

"Baba Ƙofa, jiya ka kama wani majinyaci?"

"Na kama shi mana, ranka ya daɗe."

"Ka sa shi a ɗaki ka rufe?"

"Na dai tura ƙofa."

"To, sa hannu a nan."

Kawu ya zana sa-hannunsa a hankali, har yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Bayan kwana uku aka miƙa masa takardar dakatarwa, aka karɓi makullai.

Ni malamar Turanci ce a makarantar sakandare, don haka ranar Asabar ya aiko na je. Na same shi zaune a kan turmi a tsakar gida, matarsa, wadda muke kira Inna, tana shanya. Ya zaro takardu uku daga leda: ƙorafin ɗan tsohon, rahoton Sakatare, da takardar dakatarwa.

"Malama, karanta. Me suka ce na yi?"

Na fara da rahoton da ya sa wa hannu. "Sakatare ya ce ka yi wa majinyaci ares."

"Wato na kama shi."

"Eh. A'a. Kamu ne, amma irin na hukuma. Ɗan sanda ke yin ares, ko wani da doka ta ba iko, kuma mai laifi ake yi wa, ko wanda ake zargi."

"Ni ɗan sanda ne?"

"A'a, Kawu."

"Tsohon ɓarawo ne?"

"A'a."

"To ya aka yi na yi abin?"

"Ba ka yi ba. Amma ka sa hannu cewa ka yi."

Ya dube ni kamar ni na rubuta. Na ci gaba. A layi na gaba an ce ya yi masa diten na minti arba'in. Na ce masa wannan tsarewa ce, a ajiye mutum a wuri a hana shi tafiya. Ya ce to wannan ya yi, ba zai yi ƙarya ba, don da ya bar shi titi zai koma. Na ce matsalar ita ce yadda aka rubuta, sai ka ce shi ya ga dama ya riƙe mutum minti arba'in. Ba a ambaci waya ba ko sau ɗaya.

Sai takardar ɗan tsohon. Shi ya ce an yi wa mahaifinsa abdok. Na sake bin layin da yatsa kafin na fassara.

"Faɗi mana," in ji Inna daga bakin igiya.

"A ɗauke mutum da ƙarfi, ba da sonsa ba, a tafi da shi wani wuri."

"Ina na tafi da shi? Taku goma ne daga titi zuwa benci!"

"Kalmar ba ta ƙirga taku, Kawu."

"Wato kidinafin," in ji Inna, ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti.

"A'a, Inna. Kidnaf shi ne a sace mutum a ɓoye shi a ce sai an ba da wani abu. Abdok ba lallai a nemi komai ba. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne."

"Ka ji," ta ce wa mijinta. "Ashe da sauƙi. Satar mutum ka yi kyauta."

Kawu bai yi dariya ba. Ya jawo ƙamus ɗina, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya mayar mini. "Littafin nan ya kai bulo. Nemo mini wadda ake faɗa in mota za ta take mutum ka jawo shi."

Na nemo masa ta ceto. Ya ce madalla, a rubuta ita. Na ce za a iya, amma ita ba ta bayyana shatin yatsu ba, ba ta kuma bayyana ɗaki da ƙofa ba, kuma a kansu ake magana. Muka wuni a nan. Shayi ya huce a kofi. Duk kalmar da na ɗauko, sai in tarar tana ɗauke da wani kaya a bayanta wanda ba namu ba. Wata ta soja ce da abokin gaba, wata ta mafarauci da dabba, wata ta mai fizgen jaka a kasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, shekara goma sha biyu ina koyar da kalmomin nan. A littafin aji suna cikin akwati ɗaya, an jera su, an rubuta a sama cewa ma'anarsu kusan ɗaya ce. Haka nake rubuta su a allo, ɗalibai su kwafa, in sa musu maki. Ban taɓa tsayawa na ce musu tsakanin wannan da waccan akwai aikin mutum na shekara ashirin da bakwai ba, don ni ma ban sani ba.

Maƙwabcin Kawu tsohon akawun kotu ne, kowa Akawu yake ce masa. Ya ji labari ya shigo da tabarau a goshi.

"Ku yara kuna da takarda amma ba ku da Turanci," ya ce mini. "Kalmar da ta dace ita ce afrihend. Shekara talatin ina buga ta. Tana da nauyi, tana da kwarjini."

Kawu ya so ta. Ya maimaita ta sau uku, har fuskarsa ta ɗan saki. Ni na ɓata masa. Na ce afrihend ana yi wa wanda ya yi laifi ya gudu ne, ake nemansa har a cim masa. In muka rubuta ta, mun ce mahaifin mutumin nan mai laifi ne da ya tsere, kuma ɗansa zai ƙara shafi biyu.

"To ai tserewa ya yi," in ji Akawu.

"Makaranta za shi," in ji Kawu.

Akawu ya sauke tabarau, ya ce ba a taɓa yi masa gyara a gaban mata ba, ya fita. Sati biyu ba su gaisa ba.

Daga ƙarshe na samo wadda na tabbata ita ce: ristiren. A riƙe mutum don kada ya cuci kansa ko wani. Kalmar asibiti ce ma. Na rubuta takarda mai ladabi, na roƙi a cire ares da diten a sa ta. Ranar Litinin na nemi izini a makaranta muka tafi tare. A babbar ƙofa wani sabon mai gadi ya tambayi Kawu wurin wa ya zo. Kawu ya amsa masa da kyau, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Sakatare mutum ne mai fara'a, wannan ma yana cikin abin haushin. Ya ba mu kujera, ya karanta takardata, ya yaba Turancina. Sannan ya jawo wani littafin dokoki daga durowa, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya ci gaba da Turanci.

"Malama, kin ga nan? Ristiren sai ma'aikacin jinya da aka horar, kuma da umarnin likita a rubuce. Mai gadi ba ya cikin jerin. In na sa wannan, na rubuta da hannuna cewa ya karya doka ta goma sha huɗu. Ni taimakonsa nake yi."

Na fassara wa Kawu.

"Tambaye shi, tanka na saukowa, in je in nemo likita ya rubuta?"

Sakatare yana jin Hausa sarai, amma ni ya amsa wa. Ya ce shi bai ce haka ba. Ya ce kwamiti zai zauna. Yaushe? Za a sanar.

A kan matakala Kawu ya tsaya. "Wannan ta 'yan sanda ce, waccan ta likita ce, ɗayar ta ɓarayi ce. Duk masu littafin nan ba su ajiye wa mai gadi ko guda ba?"

Muka sauka muka nufi ƙofa.

Sati ya zama wata. Kawu mutum ne da jikinsa bai san zama ba. Ƙarfe biyar da rabi yake tashi, ya yi wanka, ya tsaya a tsakar gida ba wurin zuwa. Ya cire ƙofar ɗakin girki ya sake kafa ta, alhali lafiyarta lau. Ya zuba wa duk wani ƙarfe mai motsi a gidan mai, har Inna ta ɓoye gwangwanin. Labari kuwa ya zaga unguwa, kuma unguwa ba ta da ƙamus. Wanda ya ji an ce abdok ya faɗa wa na gaba kidinafin. Mai shagon da suka shekara goma suna gaisawa ya fara ce masa Kidinafa, wai wasa. Ranar farko Kawu ya yi murmushi. Rana ta uku ya ajiye sabulun da ya saya a kan kanta ya fito, bai ƙara shiga shagon ba.

"Da ka tsaya ka naɗe hannu mota ta bi ta kansa," in ji Inna wata rana, "wace kalma za su rubuta maka?"

"Babu," ya ce. "Da ina bakin aikina."

Shi ne karo ɗaya da na ji ya faɗi abu irin wannan, kuma bai ci abinci ba ranar.

Wani yammaci ina gidan yana ta bitar abin, sai ya tsaya cak a tsakiyar magana.

"Malama, mu ma fa muna da su."

"Da me, Kawu?"

"Kama daban, riƙe daban. Cafke daban, damƙe daban, cakuma daban. Tare mutum ba tsare shi ba ne. Rungume ba shaƙe ba ne. Ni riƙe shi na yi. Mutumin nan ya ce mini ka kama, ni kuma na ce na kama, don ban san zai ɗauki maganata ya kai ta wata kasuwa ya canzo ba. Da ya ce mini zaɓi, da na zaɓa."

Ya buga cinyarsa. Haushin kansa ya fi na Sakatare yawa a ranar.

A sati na bakwai wata tsohuwa ta yi sallama a gidan. Matar majinyacin ce. Ta ce ta je ƙofa sau biyu tana neman dogon nan aka ce ba ya nan, sai wata mai shara ta kwatanta mata gida. Ta ce ranar da abin ya faru ita ke jinya, ta je layin karɓar magani ne, ta dawo ta tarar gado wayam. Ta ce mijinta ya shekara uku a haka, a gida ma da makulli take kwana a ƙugu.

"Ka riƙe mini miji," ta ce. "Allah ya riƙe ka."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Kin ji? Riƙe ta ce."

Na roƙe ta ko za ta sa ɗanta ya janye takardar. Ta ce ta yi masa magana har ta gaji. Ya koma wurin aikinsa, kuma duk sanda ta tayar da zancen sai ya ce, Mama, ba ki san yadda waɗannan abubuwa suke ba. Ta ce ita dai ba ta iya rubutu ba, amma in ana son ta zo ta faɗa da baki za ta zo. Na kai wa Sakatare wannan. Ya ce mai ƙorafi ɗan ne, ba uwar ba.

Kwamiti ya zauna a sati na goma sha ɗaya. Dogon tebur, fanka tana juyi a sama. Babban Likita a kai, Babbar Nas a gefensa, Sakatare da fayil, sai Lauyan asibiti. An ajiye waya a tsakiyar tebur, ɗan tsohon yana ciki daga ƙasar da yake, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa. Ni aka bari in yi tafinta.

Kusan awa guda suna Turanci a kan kawuna, shi yana zaune da hula a gwiwa. Ɗan tsohon ya ce ba zai sauka daga abdok ba. Lauya ya ce asibiti ba zai karɓi wannan ba, kuma ares ma kuskure ne tun farko, bai kamata a buga ta ba. Sakatare ya ce shi abin da aka faɗa masa ya rubuta. Babban Likita ya kawo shawara a ce kawai mai gadi ya taimaka wa majinyaci ya koma ciki. Na fassara.

"A'a," in ji Kawu. "Taimako ba ya barin shati. Na riƙe shi da ƙarfi, ya ji zafi, ya cije ni. Kada a rubuta ƙarya don a yi mini alheri."

Sai ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna."

Kafin kowa ya ce wani abu ya zaga bayan Sakatare, wanda ya tashi zai miƙa wa Lauya takarda. Ya riƙe damatsansa biyu, ya jawo shi baya taku ɗaya, ya ɗaga shi har takalmansa suka bar ƙasa, ya zaunar da shi a kujera a hankali. Takardu suka watse. Babbar Nas ta toshe baki da gyale.

"Wannan," in ji Kawu yana haki. "Wannan na yi. Ku da kuka yi karatu, me sunansa?"

 Waya tana ta tambaya me ke faruwa. Lauya ya ce mini in gaya masa kada ya ƙara. Sakatare yana gyara wuyan riga, fara'ar nan ta tafi.

Kawu bai zauna ba. "Saura ɗaya. Na buga waya sau uku. Minti arba'in ina tsaye. An samo wa tsayuwata suna. Rashin zuwansu fa, shi ba shi da suna a Turanci?"

Na fassara shi daidai yadda ya faɗa, ban rage ba. Babbar Nas ta daina dariya, ta sunkuyar da kai tana kallon biro. Babban Likita ya ce ba wannan aka zo tattaunawa ba.

Lauya ne ya kawo kalmar da aka tsaya a kai: intasef. Kowa ya gyaɗa kai. Ɗan tsohon ya ce zai yi tunani, sai layi ya yanke, ba a sake samunsa ba, aka ɗauka ya yarda.

A waje Kawu ya tambaye ni ma'anarta. Na ce a tare abu a hanya kafin ya isa inda za shi.

"Abu kamar me?"

"Kamar wasiƙa. Ko kaya. Ko ƙwallo a fili. Ana faɗa wa mutum ma."

"Akwai hannu a ciki?"

"Ba lallai ba."

"Shi ya sa suka so ta," ya ce.

Gaskiyarsa. A sabon rahoto babu hannu, babu shati, babu cizo, babu tanka. Minti arba'in ya koma "har zuwa isowar ma'aikata". Aka mayar da Kawu aiki da takardar gargaɗi, saboda abin da ya yi wa Sakatare, in ji su. Amma ba babbar ƙofa ba. Ƙofar baya aka ba shi, inda motar shara ke shiga, motar gawa ke fita. Aka kuma kafa sabuwar doka a allo cewa mai gadi ba zai taɓa jikin majinyaci ba ko da wane dalili. Aka raba musu usur.

"In na ga mutum zai faɗa titi in busa masa," ya ce wa Inna. "Ya mutu da kiɗa."

Shekara biyu ya yi a can. Ba ya makara, ba ya fashi, amma ya daina ba da labarin aiki in ya dawo. A ƙofar baya ba mai zuwa a karanta tafiyarsa. Direban shara ne, sai masu kuka.

Ranar da ya yi ritaya na raka shi ofishin ajiye fayil ya cike takardu. Ya roƙi matar da ke wurin ta nuna masa fayil ɗinsa. Ta kawo, ta kwance igiya. Shekara ashirin da tara, fayil ɗin bai kai kaurin yatsa ba. Ya ce in duba masa maganar tsohon. Na duba. Rahoton farko yana nan a sama, da ares da diten da sa-hannunsa. Gyaran kwamiti an maƙala shi a baya.

"'Yar nan, cire na saman," ya ce wa matar.

"Baba, ba ni da ikon cire komai."

"To juya su. Sa na bayan a gaba."

"An riga an sa musu lamba. In na juya, lissafin shafi zai rikice."

"Duk wanda ya buɗe, wannan zai fara gani."

"Ba mai buɗewa, Baba," ta ce, da nufin ta kwantar masa da hankali.

Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Ya sa yatsansa mai rabi a kan layin, daidai wurin, don ya haddace inda kalmar take. Sannan ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi.

Yanzu yana gida. Ya shirya da Akawu, suna zama a ƙofar gida da rediyo bayan la'asar. Ana cikin labarai in aka ce an kama wasu mutum uku a wuri kaza, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wane irin kamu? Wa ya kama su? Suna ina aka kama su?"

Mai karanta labarai ya wuce zuwa farashin taki. Kawu ya ja tsaki, ya ce wa Akawu ya canza tasha.